Tsoho da Dabbarsa Marar Kuka

Na Allah muke, kuma duk inda muka kai muka kawo wurinsa za mu koma. Kakana, mahaifin babana, wanda gidanmu da unguwarmu a Gazawa ke kira Tsoho, ya riga mu gidan gaskiya a tsakiyar daminar nan da aka samu mulkin kai. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi, bai daɗe yana jinya ba ya cika, da hantsi, gero ya fara ciki. Allah ya jiƙansa.

Ba mutuwarsa ce ta sa na ɗauki alƙalami ba, wannan hanya ce ta kowa. Abin da kunnena ya ji a zaman makoki ne ya hana ni sakat.

Ni ba mai magana ba ce. A lakol ma, wato makarantar boko, in mushe malaminmu ya nuna ni, sai in ji harshena ya yi nauyi kamar taɓarya. Saboda haka manya kan manta ina wuri, su faɗi abin da ke ransu. Ranar sadakar uku ina rakuɓe bayan randa a ɗakin Iya, kakata, matar marigayi, sai gwaggonnina biyu suka buɗe akwatin Tsoho don su sha wa tufafinsa iska, kada danshin damina ya ɓata su. Babbar ta ɗaga wata farar riga wajen ƙofa. Haske ya ratso ta ko'ina, ƙananan huji tun daga ƙirji har cinya, da wani babba a kafaɗar dama.

"Wannan riga ce ko rariya?" in ji ta. "Wa zai gaji wannan? Ko kyauta ka ba mutum sai ya yi fushi da kai."

"Ruwan batirin mota ne," in ji ƙaramar. "Baba ai ya fi tausayin baƙin akwatin nan da ƴaƴan cikinsa. Ni dai bai taɓa tambayata ko na sha ruwa ba."

Suka yi dariya, irin ta makoki, wadda ake toshewa da gefen mayafi. Iya tana kan tabarma da carbi, ba ta ɗaga kai ba.

Da aka aike ni zaure da ƙwaryar fura, na iske maza ma a kan zancen suke. Wani ya ce, "Allah ya jiƙansa, amma fa akwai shi da riƙo." Wani ya ce, "Hannun jarirai ke nan. Mutumin da ya kashe mana rediyo ana tsakar kiɗan ƴanci!" Aka ce Allah ya yafe masa. Su ne za su yafe masa! Mai maganar farko, a idona aka ɗora mahaifiyarsa a bayan motar Tsoho zuwa jana'izar ƙanwarta, ko godiya ban ji ya yi ba.

Kuma batir ɗin da suke zaginsa a kai yana nan a gabansu, a ƙasa tsirara, an ja wayoyi biyu daga kansa zuwa rediyo. Ranar rasuwa, da aka kwashe kayan ɗakin Iya don mata su samu wurin zama, aka fito da shi daga ƙarƙashin gado. Masu ɗaukar suka karkata shi, ruwansa ya zuba, tabon yana nan har yau a daɓen zaure. Baba Ƙarami, ƙanen Tsoho, wanda yanzu shi ne babba a gidan, ya ce ba a bar baƙi su zauna jugum tsakanin addu'a da addu'a ba, a kunna musu labaru ƙasa-ƙasa.

Duk wannan kuwa Inna, mahaifiyata, tana cikin gida da tsohon ciki, ƙafafunta a kumbure. Wanda ya san gidanmu ya san abin da ya haɗa cikin Inna da wannan baƙin akwati. Ga wanda bai sani ba, bari in faro daga farko.

Tsoho da karen mota ya fara, ya zama direba, daga baya ya sayi wata tsohuwar babbar mota a hannun kamfanin da ya yi wa aiki. Da kaka da rani tana kai gujiya Maradi, ta dawo da gishiri da kananzir da yadi. Da gwiwarsa ta gaza, babana ya karɓi tuƙi. Amma in damina ta sauka, ba kaya, ba a barin mota mai nauyi ta bi hanya, kowa ya koma gona. Sauran masu mota sai su jingine tasu a gindin bishiya su manta da ita. In kaka ta yi, ka gan su suna tara yara turi, ko suna aikawa ƙetaren iyaka neman sabon batir.

Tsoho ba haka yake ba. Ruwan fari na sauka zai sa a shigar da mota rumfar zana, a ɗora ta kan kututture don tayoyi su huta. Ya kwance batir da hannunsa, ya sa a kai shi ɗakin Iya, don shi kaɗai ne ɗakin da ba ya yoyo. Ba ya yarda a ajiye shi a ƙasa, sai a kan katako.

"Wasu mata turare ake sa musu a ƙarƙashin gado," Iya kan ce.

"Turare ya taɓa kai ki biki Tibiri?" in ji shi.

Yana da wata magana da na ji har na haddace. "Akuya in ta ji ƙishi tana kuka. Jaki in ya ji yunwa gari duk sai ya sani. Wannan dabba ba ta kuka. Shiru take yi har ta mutu, ran da ka zo nemanta ka iske gawa." Sai ya dube ni ta gefen ido, da wasan nan na kaka da jika. "Ku biyu halinku ɗaya, amarya. Shi ya sa kullum sai na leƙa ku."

Idonsa ya tsufa, saboda haka da nawa yake aiki. Ya kwance murafan batir, ya karkato fitilar hannu ko ya jawo shi bakin ƙofa, ya ce, "Leƙa mini. Ruwa ya rufe kan farantan?" In na ce ya rufe, ya mayar da murfi. In na ce sun fito, ya ɗauko kwalba.

Ruwan wannan kwalba shi ne abin da unguwa ta fi yi masa dariya a kai. Ba ya zuba na rijiya, ya ce rijiyoyinmu akwai gishiri da kanwa, suna kashe batir a hankali. Ba ya tarar na indararo, ya ce ya wanko ƙasar soro. Ruwan fari ma ba ya so, ya ce wannan wankin sama ne. Sai damina ta zauna, hadari ya taso, ya kifa turmi a tsakar gida nesa da bishiya, ya ɗora wata farar langa da ya zare daga jeren Iya. A kan wannan langa sun yi faɗa har ta daina yi masa yaji a miya. In ruwa ya ɗauke ya tace da sabon ƙyalle, ya ɗura a kwalabe, ya toshe da totuwa. Maƙwabta sukan leƙo ta katanga. "Tsoho, yau ma mai gidan naka ya sha?" Ba ya tankawa.

Kanwa kuwa da ita yake wanke kawunan batir, inda farin gari kan taru kamar fumfuna. Ya jiƙa ta a ƴar ƙwarya, ya goge da tsumma, ya shafa mai. Yana yi yana ja mini kunne: "A waje magani ce, a ciki guba. Kada ɗigo ya faɗa." Ruwan cikin batir ɗin shi ke fallatsa ya ci riga. Ɗigo ne ba ka ganinsa, sai an yi wanki ka ga huji.

Kowace Alhamis bayan la'asar ranar ciyarwa ce. Babana ya ɗauko batir ya ɗaura a mota, Tsoho ya hau da ƙyar, ya auna isansi, wato fetur, kaɗan daga garwa, ya tayar da inji. Motar ba ta zuwa ko'ina, tana kan kututturenta tana kaɗawa. Ya danne ƙafa daidai, ba ƙarfi ba sanyi, ni kuma ina gefensa, aikina in kalli wata ƴar allura a gaban direba. In ta karkata dama, batir na ci. Haka za mu zauna har inuwar rumfa ta kai bakin turken awaki. A nan ne kaɗai nake magana. Nakan ba shi labarin lakol, shi kuma ya riƙa maimaita kalmomin Faransanci yana lauya su da gangan, har in yi dariya in manta da allura.

"Idonki a kan aiki, amarya. Ba don kyanki na aure ki ba."

Daminar bara waccan, Inna ta fara naƙuda da safe, har azahar shiru. Ungozoma ta fito ta ce ɗa a gicciye yake, ita kam ta gaza. Ban manta yadda Tsoho ya miƙe ba, ko takalmi bai nema ba. Aka sauke mota daga kututture, aka ɗaura batir, babana ya taɓa makulli, ta tashi nan take kamar jiya ta dawo daga Maradi. Mota wofi tana iya lallaɓawa ko da damina. Suka kai Tasawa. Jaririn bai zo da rai ba, amma Inna ta dawo da ƙafarta. Likita ya ce in ta sake samun ciki, kada a tsaya jira a gida.

Tun daga ranar Tsoho ya ware garwar isansi guda, ya rufe ta da buhu, ko shi ba ya taɓawa. Da Inna ta sake samun ciki bana, bai ce uffan ba. Suruki ba ya maganar cikin surukarsa, ko hanya suka haɗu kowa sunkuyar da kai yake. Sai dai na lura leƙen batir ya ƙaru, kuma zaman Alhamis ya ƙara tsawo.

Ana nan sai maganar mulkin kai ta zo. Baba Ƙarami yana da rediyo da ya sayo ƙetare, babba kamar akwatin lefe, ba ta magana sai da batirin mota. Ya zo da dattawan unguwa, suka ce rana irin wannan ba ta maimaituwa, a taimaka da batir jama'a su ji da kunnensu. Tsoho ya ce, "Na ba ku na yini guda." Shi ma ya je ya zauna ya saurara, har na ga yana share ido da hannun riga.

Yini guda ya zama biyu, biyu suka haifi wasu. Ranar Juma'a bayan masallaci ya wuce kai tsaye ƙofar gidan ƙanensa, da farar rigarsa, ina bin sa a baya. Mutane cike, rediyo na kiɗa, yara na rawa. Ya ratsa su, ya sunkuya, ya zare waya.

"Haba Yaya!" in ji Baba Ƙarami. "Yau fa ƙasa tamu ce. Nasara ya tafi, kai kana nan kana gadin wuta?"

"Nasara ya tafi, Allah raka taki gona," in ji Tsoho. "Amma tulun da ake ɗiba ba a mayarwa, ko na sarki ne ƙafewa zai yi."

"To damina ce. Motar taka ina za ta? Gona?"

Aka fashe da dariya. Na ga Tsoho ya buɗe baki. Ya dubi babana da ke tsaye a gefe, ya dubi taron maza, ya rufe bakinsa. Amsar tana nan, kalma ɗaya ce, amma ba ta faɗuwa a bakin suruki. Ya sunkuya ya cicciɓi batir shi kaɗai, ya ɗora a kafaɗa. Babana ya ruga zai karɓa, ya ture shi. Yana tafe yana rangaji, ruwan yana fallatsa, ana binsa da "yaron Nasara" da "maƙiyin ƴanci". Babban hujin nan na kafaɗar dama da gwaggo ta ɗaga tana dariya, a ranar aka yi shi. Ni na gani.

Wannan shi ne mutumin da aka ce akwai shi da riƙo.

Alhamis ta farko bayan rasuwa, babana ya je ya durƙusa gaban Baba Ƙarami a zaure. Ina shara a bakin ƙofa.

"Baba, yau Alhamis."

"To, gobe Juma'a."

"Ina nufin a ɗan tayar da mota."

Baba Ƙarami ya gyara zama. "Kai yaro, ba a taɓa kayan mamaci sai an raba gado. Mota ta magada ce. Ƴan'uwanka na Gidan Rumji da Cadakori suna da haƙƙi a ciki. Isansin da za ka ƙona, na wane ne? So kake ka ɗora wa ubanka nauyi a kabari?" Ya miƙa hannu. Babana ya zaro makulli ya ba shi, ya ce, "To, Baba."

A bayansa kuwa rediyo tana ta zuba. Tayar da mota don batir ya ci, cin haƙƙin magada ne. Tsotse shi daga safe zuwa yamma don a ji labarin wa aka naɗa wa aka sauke, wannan karɓar baƙi ne. Ban yi karatu mai zurfi ba, amma ko ƴar aji ɗaya ta san wannan lissafi bai fita ba. Kuma ba wanda ya ce kanzil. Dattawa masu gemu suna zaune suna kaɗa ƙafa. Babana ya fito ya wuce ni, bai iya haɗa ido da ni ba. Na ji haushinsa, na kuma ji tausayinsa, don shi ma ba zai iya cewa "matata" a gaban ƙanen ubansa ba.

Ni dai ido nake sa wa. Farin gari ya fara taruwa a kawunan batir. Muryar mai labaru ta fara shaƙewa kamar mai mura, ƴar fitilar gaban rediyo ta koma ja-ja. Wata safiya kafin maza su fito, na kwance murfi ɗaya na leƙa. Kan farantan a waje, a bushe. Na mayar da murfin. Da na shiga gida na iske Inna tana ƙoƙarin tashi daga tabarma, ta dafa bango, ta dafa ƙugu, ta yi mini murmushi. Ita ma ba ta cewa komai. Gidanmu duk an iya shiru.

Ranar sadakar bakwai wani Bafillace ya zo daga rugar gabas, da sanda a kafaɗa da ƙwaryar nono. Shi ne wanda sa ya taɓa soke ɗansa a cinya, Tsoho ya kai su gidan likita, ya ƙi karɓar ko kaza. Ya durƙusa ya yi gaisuwa da Hausarsa mai nauyi, aka shafa fatiha. Sai idonsa ya faɗa kan batir. Ya daɗe yana kallo.

"Allah ya jiƙan Tsoho," in ji shi. "To dabba tasa, wa yake ba ta ruwa yanzu?"

Zaure ya ɗauki dariya. "Ka ji Fillo! Shi komai saniya ne." Shi bai yi dariya ba. "Ana tatsa, ba a kai kiwo," ya ce, ya girgiza kai.

Na ajiye kwanon da ke hannuna na ruga ɗakin Iya. Tana takaba, ba ta fita, ba ta magana da mazan da ba muharramanta ba. Na gaya mata duk abin da na gani tun daga tabon daɓe har busassun farantai. Ban san ina da magana mai yawa haka ba. Ta saurara har na gama, ta ajiye carbi.

"Ki koma zaure," in ji ta. "Ba wurin ƙanen mijina na aike ki ba, wurin liman. Ki ce matar mamaci tana tambaya. Awakin mamaci, an ɗaure su ba ruwa sai an raba gado? Gonarsa, an bar wa ciyawa? Rigunansa ma an sha musu iska. To me wannan ya yi da za a tatse shi a hana shi ci?"

"Iya, in suka ce motar ina za ta?"

Ta dubi ƙofar ɗakin Inna. "Sai ki gaya musu."

"Ni?"

"Ke. Ni ina ɗaure. Ubanki kunya ta ɗaure shi, kakanki da ita ya tafi kabari. Ke yarinya ce, ba a kama yaro da laifin baki. Shekara nawa kina tara magana kamar mai adashi? Yau kwasarki ce."

Na tafi. Na tsaya a bakin zaure. Maza fal, har waje. Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Da na koma ma, Allah ya sani. Sai na ga Baba Ƙarami ya tsuguna gaban batir, yana nishaɗi, ya kwance murfi, ya jawo butar alwala.

"Ruwa ne matsalar, Fillo? Ga ruwa. Bari in shayar maka da saniyarka."

Ruwan rijiya ne a butar. Ni na cika ta da safe.

"Kada!"

Ban san muryata ce ba sai da na ga duk sun juyo. Baba Ƙarami ya tsaya da buta a karkace.

"Ikon Allah. Ashe bebiyar gidan nan tana da harshe. Abin da ake koya muku a lakol ke nan, tsawa ga manya?"

Na durƙusa, na fuskanci liman, idona a ƙasa, na faɗi saƙon Iya. Awaki, gona, riguna, ban tsallake ko ɗaya ba. Da na gama, wani daga baya ya ce, irin yadda aka ce wa Tsoho, "To wai motar nan ina za ta da damina?"

"Tasawa," na ce. "Inna ta kusa."

Ba wanda ya yi dariya. Babana ya sunkuyar da kai har hularsa ta kusa faɗuwa. Wasu suka fara duban rufin zaure, wasu suka tuna da carbinsu. Sun sani. Duk sun sani tun ranar Juma'ar nan, don a gabansu aka fita da Inna bara waccan. Kunya ta hana Tsoho faɗa, su kuma suka fake da kunyarsa suka ci gaba da jin kiɗa. Wannan ne abin da har yau ban manta ba.

Liman ya yi gyaran murya. "Abin da barinsa ke kashe shi, kula da shi ba cin gado ba ne. Amana ce." Ya dubi rediyo. "Tatsarsa kuwa..." Bai ƙarasa ba. Baba Ƙarami ya lalubo makulli a aljihu, bai miƙa wa babana ba, ya jefa shi kan tabarma.

Na ɗauko kwalbar Tsoho da ƴar ƙwaryar kanwa. Na zuba har ruwa ya rufe farantai, na goge kawunan, na shafa mai. Babana ya ɗaura batir a mota, ya taɓa. Inji ya yi wani nishi guda ya yi shiru. Ya sake taɓawa, ko nishin babu. Sai ya ɗauko lanƙwasasshen ƙarfen da ake juya inji da shi ta gaba, wanda a zamanin Tsoho tsatsa kawai yake yi a bayan kujera. Ya juya har rigarsa ta jiƙe. Bafillacen ya jingine sanda ya karɓa. Ya juya, ya juya, inji ya yi tari, ya mutu. Babana ya sake karɓa, yana bisimilla da ƙarfi. Ta yi tari, ta yi kakari, ta kama.

Na hau na zauna a wurina. Allura ta yi rawa, ta karkata dama. Kujerar gefena babana ne a kai, ba Tsoho ba, amma ƙafarsa daidai take, ba ƙarfi ba sanyi. Daga zaure na ji wani yana cewa, "Gidan makoki ne wannan ko tasha?" Daga cikin gida kuma na ji kukan Iya. Tun ranar rasuwa ba ta yi kuka a gaban mutane ba sai da ta ji ƙarar injin nan.

Da yamma batir ya koma kan katakonsa a ƙarƙashin gadonta. Amma bai sake zama yadda yake ba. Shekaru Tsoho ya riƙe shi yana tashi da taɓawa ɗaya, mako guda a hannunsu ya mai da shi gurgu. Duk Alhamis sai da ƙarfen juyi kafin ta kama.

Ana cikin yankan gero, wata safiya Inna ta kira Iya a hankali. Ba a jira ungozoma ba. Aka sauke mota, aka buɗe garwar da Tsoho ya rufe da buhu. Babana ya kama ƙarfe ya juya, shiru. Ya juya, shiru. Inna tana zaune a dokin ƙofa ta ciji mayafi. Ni ban san abin da nake karantawa ba, bakina dai yana motsi. Sannan ta kama. A Tasawa likita ya ce wannan ma a gicciye yake, da an yi jinkiri da labari ya sha bamban. Suka dawo su biyu, ita da ɗa namiji. Aka sa masa sunan Tsoho, wanda ba zan faɗa ba.

Ranar suna zaure ya sake cika da mutanen nan dai. Na kai goro na ji ana ce wa Baba Ƙarami, "Allah ya so ku, gidanku akwai mota." Shi kuma yana shafa gemu. "Ai mu ba ma wasa da kayan aiki." Mu! Aka yi ta barka, aka yi ta cin waina, ban ji bakin da ya ambaci langa a kan turmi ba. Sai ya hango ni.

"Ke mai harshe, zo. Je ki ce a fito da batir, baƙi su ji kiɗa."

Na je na gaya wa Iya. Tana riƙe da jaririn, ta naɗe shi a farar rigar nan, wadda wanki ya mayar laushi kamar auduga. Wannan kam ba magajin da ya yi gardama a kanta. Gwaggo babba tana cewa, "Haba Iya, a rariya za a naɗe ango?" Iya ta sa yatsa a hujin kafaɗa ta ce, "Wannan ne ya kai shi Tasawa." Sannan ta juyo gare ni.

"Ki ce masa yana ƙarƙashin gadona. Ya shigo ya ɗauka."

Takabarta ba ta ƙare ba, ƙanen miji kuwa ba ya taka ɗakin mai takaba. Na koma zaure, na durƙusa, na faɗa masa yadda ta faɗa, da muryar da na kusa da na nesa suka ji. Aka yi suna da kiɗan ƙwarya.

Ruwan ƙarshe na bana ni na tare shi, kwalabe sun cika, za su kai mu rani. Shekaranjiya da na wanke zanen da nake zuwa lakol da shi, na ga ƙaramin huji a gefe. Inna ta ce in kawo ta ɗinke, na ce a bar shi.

Ku da kuka zauna a zaurenmu kuka ce akwai shi da riƙo, gaskiya kuka faɗa. Ku shigo ku ga abin da ya riƙe, yana ɗakin Inna yana tsotso.

Allah ya jiƙan Tsoho, ya yalwata masa makwanci, ya shayar da shi kamar yadda ya shayar da abin da ba ya iya roƙo.